Takarda Biyu a Kan Dutse

Igiyar takalmin Hephzibah ta tsinke tun kafin ta kai rabin dutsen. Ta tsaya ta ɗaga ƙafar ta duba, ta ja tsaki. Takalmin zuwa coci ne, mai ɗan tudu a dunduniya, wanda ta saya musamman don ta shiga gaban dattawa da mutuncinta. Wanda ya ɗinka shi bai yi da hawan dutse ba. Ta cire duka biyun ta riƙe a hannu guda, ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ci gaba da hawa ƙafa ba takalmi.

"Ke 'yata, ina zuwa haka?"

Wani dattijo ne a cikin gonar masarar da ke gefen hanya, ya dogara da ƙotar fartanyarsa yana kallonta.

"Sannu da aiki, Baba. Tsohon Gari nake nema."

"Ai kin iso, ga shi nan a samanki. Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Daga jami'a kike? Su ne ke zuwa mana da littafi da igiyar awo, su wuni suna auna duwatsu."

"A'a, Baba, baƙuwa ce ni. Daga Akwanga nake, jiya na shigo Kaduna."

Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "Akwanga! Duwatsun garinku sun ƙare ne, har sai kin zo aron namu?" Ya sunkuya ya ɗauko wata sanda ya miƙa mata. "Riƙe wannan. Duk inda ciyawa ta yi duhu, ki fara bugawa kafin ki sa ƙafa, masu wurin ba sa son a taka su. Kuma kina ganin hadari ya haɗo ki sauko, dutsen nan santsi gare shi. In kin rasa hanya ki ƙwala kira, ki ce Baba Ɗanladi, zan ji."

Ta yi godiya ta wuce. Da ya tambaye ta ainihin abin da ya kawo ta, da ba ta san me za ta ce masa ba.

Hephzibah malamar firamare ce, shekarunta ashirin da tara. Shekara huɗu ke nan suna tare da Harrison, wanda ke aiki a wata masana'anta a Kudenda, kuma saura mako goma a ɗaura musu aure. Yau da ƙarfe biyar na yamma za su zauna gaban kwamitin aure na cocin su Harrison a Trikania. Abu ɗaya tak aka ce ta taho da shi daga gida, takardar gwajin jini. To ita biyu ne a jakarta, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Tsohuwar tun tana kwaleji aka ba ta, har ta yi laushi don tsufa, an rubuta AA. Sabuwar ta makon jiya ce, an rubuta AS. Ba ta yarda ba, ta hau mota ta je wani asibitin dabam a garin Lafiya aka sake ɗibar jininta, aka sake ce mata AS. Wato shekara tara tana yawo da kuskuren wani a cikin jaka. Harrison shi ma AS ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba, tun watan farko ya gaya mata. Ita kuwa ta yi murmushi ta ce kada ya damu, ita AA ce. Da ƙarfin wannan takardar ta saki zuciyarta ta so shi. Kowa ya san abin da ke biyo baya in AS ya auri AS, kowane ciki akwai fargabar a haifi ɗa mai sikila. Ita kam ba labari aka ba ta ba, a gidansu ta gani.

Jiya da yamma, a ƙofar gidan yayarsa Precious inda aka sauke ta, ta nuna masa takardun biyu. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ninke sabuwar ya mayar mata cikin jaka da hannunsa.

"Ki ba su tsohuwar, Ziba," ya ce. "Ai ba ƙarya kika yi ba, asibiti ne ya rubuta."

Da safe ya tafi aiki, ba zai tashi ba sai huɗu. Gidan Precious kuwa ya cika da mata, ana rabon anko ana gwada ɗankwali. Wannan ta ce "amarya, juyo mu gani," waccan ta ce "kai, Harrison ya iya zaɓe." Ta yi dariyar da za ta iya yi har kumatunta suka gaji, sannan ta ce za ta je Kakuri gai da wata ƙawarta. Ba ta da ƙawa ko ɗaya a Kakuri. Keke ta hau zuwa Kudenda, daga nan ɗan acaɓa ya ɗauke ta ya bi da ita ta cikin gonaki ya ajiye ta a gindin dutsen nan. Harrison ya sha ba ta labarin wurin, kufan wani gari na mutanen da, inda suke zuwa harbin ƙadangaru suna yara. Ya yi mata alkawari can za su yi hotunan biki. Sai ta ce bari ta gan shi, ko da sau ɗaya ne.

Abin da ta fara cin karo da shi ganuwa ce. Duwatsu ne aka jera bisa juna, babu laka babu siminti, wani wurin sun kai mata ƙirji, wani wurin sun zube sun bi gangare. Akwai wata 'yar ƙofa da mutum ɗaya kawai zai iya shiga, shi ma sai ya karkace. Ta karkace ta shiga. Ciki tsit, sai kukan hasbiyoyi da motsin iska a rassan wata ƙatuwar kuka. Gaskiya da farko haushi ta ji. Yadda Harrison ke kururuta wurin, ta ɗauka benaye za ta gani. Ashe duwatsu ne da ciyawa da kashin awaki.

Amma da ta fara zagayawa tana buga sanda, sai garin ya soma fito mata. Ga da'irar duwatsu, nan ɗaki ne. Ga wata kusa da ita, ga wata can, ƙofofinsu duk suna kallon tsakar gida ɗaya. Ga wasu duwatsu a tsattsaye an kewaya su, gindin rumbu ke nan, haka kakarta ke ɗora nata a ƙauye saboda gara da ɓera. Tsingaro kuwa ko'ina, sai da ta riƙa lura da inda take sa ƙafa. Ta ɗauki wani ta goge da babban yatsa, ta ga adon da mai ginin tukunyar ta yi a bakinsa, layi uku da ɗigo-ɗigo a ƙasa. Ta ɗauki hotonsa da wayarta. Har yatsanta ya tafi zai tura wa Harrison, sai ta fasa ta mayar da wayar jaka.

A kan wani faffaɗan falalen dutse ta tarar da wurin niƙa. Ramuka ne a jere, sun fi goma, kowanne ya yi zurfi ya yi sumul, wasu ruwan sama ya kwanta a ciki. Ta durƙusa ta sa hannu a ɗaya, ya shige har wuyan hannu. Shekara nawa mace za ta yi tana niƙa kafin dutse ya cinye haka? Ai ba aikin mace ɗaya ba ne, uwa ce ta bar wa 'yarta, 'yar ta bar wa tata. Nan abin ya taso mata. Ta zauna daɓas ta fashe da kuka, irin kukan da ta rasa wurin yi tun makon jiya. A gida tana tsoron uwarta ta gani, a mota kunya ta hana, a gidan Precious kuma ana rabon anko. Yanzu ta yi shi da murya, da majina, da komai, babu mai ce mata yi haƙuri. Ƙadangare ɗaya ne kawai ya tsaya daga nesa yana gyaɗa mata kai.

Da ta share fuska sai ta tashi ta shiga wata da'ira mai ɗan faɗi, ta tsaya a tsakiya. "Nan ɗakinmu," ta ce a fili. Ta nuna ta kusa da ita da sanda. "Nan na yara." Muryarta ta fita wani iri a wurin da babu kowa, har ta waiga don kunya.

Ma'aikaciyar jinyar da ta ba ta sakamako a Lafiya ta ce yiwuwar haifar mai sikila ɗaya cikin huɗu ne a kowane ciki. Hephzibah ta tsinci tsakuwa huɗu masu girma ɗaya, uku farare ɗaya baƙa. Ta kwance ɗankwalinta ta zuba su a ciki, ta girgiza, ta rufe ido ta zaro. Fara. Ta mayar ta sake girgizawa ta zaro. Fara. Karo na uku ma fara. Zuciyarta ta hau bugawa kamar wadda aka yi wa albishir. Malamar makaranta guda, mai koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ga ta nan zaune a kufai tana caca da tsakuwa! Ta ce bari ta yi na huɗu ta tashi. Hannunta na cikin ɗankwalin ta tsaya cak, ta kasa zarowa. Uwarta ma huɗu ta haifa, kuma biyu ne suka zo da ciwon. Ta farko, Vicky, ba ta cika shekara biyu ba, Hephzibah ko fuskarta ba ta tunawa. Na biyun shi ne Kevin. Ta zazzage tsakuwar a cikin ciyawa ba tare da ta duba ba.

Ta girmi Kevin da shekara shida. Uwarsu na sayar da kayan miya a kasuwa daga safe zuwa yamma, don haka ita ce mai jinya tun tana 'yar shekara goma sha biyu. Ita ke dafa ruwa ta gasa masa gwiwoyi da tsumma. Ita ke goya shi zuwa bakin titi in ciwon ya tashi, ƙafafunsa na jan ƙasa don ya wuce goyo. Yaro ne mai surutun tsiya, ya cika bangon ɗakinsu da zanen manyan motoci da gawayi, kullum sai Mama ta yi masa faɗa. Amma in ciwon ya tashi sai ya ciji filo don kada maƙwabta su ji. Wata rana tana gasa masa ƙafa ya kama hannunta ya ce, "Anti Ziba, ki ɗauko adda ki sare min ita, don Allah. Ba zan gaya wa Mama ke ce ba." Yana da shekara goma sha ɗaya ya rasu, cikin damina irin wannan, kansa na kan cinyarta. Har yau in hadari ya haɗo sai ta ji jikinta ya zabura neman bargo, kafin ta tuna babu wanda za a lulluɓe.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci wayarta ta yi ƙara. Harrison ne, lokacin hutunsu na rana. Tana jin rugugin injuna daga bayansa.

"Madam, ina kika shiga? Precious ta ce kin tafi Kakuri. Wace ƙawa gare ki a Kakuri da ban san ta ba?"

"Ina Tsohon Gari."

"Wanne? Namu? Ke kaɗai? Yesu! Ziba, kin ci abinci kuwa?"

Halinsa ke nan. Ko gobara ake yi, tambayarsa ta farko ita ce ko ta ci abinci. Lokacin da ta kwanta da taifod sau uku ya yi Akwanga cikin mako biyu, ya iso da kankana a kafaɗa, ya kwana a bencin asibiti ya koma aiki. Mutumin kirki ne, wannan ba abin musu ba ne, kuma shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Kin ga kukar nan?" ya ce. "Zaga bayanta, wajen gabas, ki duba. Na rubuta sunana da ƙusa ina aji shida."

Ta tashi ta zaga. Ga shi nan kuwa. Itacen ya girma ya ja haruffan, sun yi faɗi sun karkace, amma ana karantawa. Ta shafa su da tafin hannu, dariya ta kufce mata duk da hawayen bai gama bushewa ba.

"Na gani. Rubutunka tun can ba kyau."

"Haba Malama, a yi min afuwa. Kin ga filin da na bari a ƙasa? Naki ne, tun lokacin na ajiye miki."

"Harri, maganar takardar nan..."

"Ziba, don Allah. Ai mun gama wannan jiya. Ɗaya cikin huɗu ne fa, uku namu ne. Ina bangaskiyarki? Kuma yanzu ba da ba ne, akwai magunguna. Akwai wani a wurin aikinmu, Samson, mai sikila ne, ya haura talatin da biyar, ga mata ga 'ya'ya. Ki zo ki gan shi yana ɗaga buhu."

"In kuma ya zo mana fa?"

"In ya zo ya zo, ɗanmu ne. Kuma ke ai kin iya. Wa ya fi ki sanin jinyarsa? Ba ke kika riƙe Kevin ba? Da wata ce zan ji tsoro, amma ke Allah ya riga ya koya miki."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabonta yake yi. Wai ta iya. Shi yana lissafin ko za ta iya ɗauka, ita kuwa ba wahalarta take tsoro ba. Ba gwiwarta ce ta yi ciwo shekara goma sha ɗaya ba, ba ita ta ciji filo ba. Ba ta taɓa ba shi labarin addar ba, bakinta bai taɓa iya faɗa wa kowa ba. Shi sikila a wurinsa Samson ne mai ɗaga buhu, kuma ba laifinsa ba ne.

"Ziba? Kina ji na?"

"Ina ji."

"An buga ƙararrawa, zan koma. Ƙarfe biyar fa, kada ki makara, Baba Jonathan ba ya son jira. Tsohuwar, kin ji? Kuma ki nemi ko gyaɗa ce ki sa a cikinki."

Ta kashe wayar ta ci gaba da hawa, har ta kai ƙololuwar dutsen inda ganuwar ta ƙare. Daga nan ana hango komai. Ga kogin Kaduna can ya cika ya yi ja saboda damina, ga rufin kwanon unguwanni, ga dogayen bututun masana'antun Kudenda. A ƙarƙashin ɗaya daga cikin rufin nan Harrison yake, yana aiki yana yin fito da baki, hankalinsa kwance. Ta zauna a kan ganuwar ta fito da takardun biyu ta ɗora a cinya, ta danne su da hannu don iska.

A nan dabara ta zo mata. Sabuwar za ta ba su. Ta san wasu a Akwanga da aka yi wa haka, kwamiti ya ga AS da AS ya rufe maganar a take, aka ba iyaye haƙuri. To, dattawa su hana. Harrison zai yi fushi da coci, ya yi fushi da asibiti, ya yi fushi da ita na ɗan lokaci don ta miƙa takardar, amma ba zai taɓa cewa ta ƙi shi ba. Ita kuma ba sai ta dubi idon mutumin nan ta ce masa a'a ba, don ta san bakinta ba zai iya ba. Tsoro ne, ta sani sarai, fakewa ce a bayan tsofaffi. Amma tun makon jiya ba ta ja numfashi ya sauka har ciki ba sai yanzu.

Ta ƙara zagaya kufan na wani lokaci. Ta leƙa wata tsohuwar rijiya da ƙasa ta cike, ta ga wani wuri da kashin maƙera ya taru tsibi guda. Wajen ƙarfe uku gabas ta yi baƙi. Ta ɗauki takalmanta ta fara sauka, yayyafi ya same ta a hanya, sau biyu tana zamewa sandar na tare ta.

Baba Ɗanladi na zaune a 'yar rumfar gonarsa yana gasa masara. Ya matsa mata wuri, ya miƙo mata guda ba tare da ya tambaye ta ba.

"To, baƙuwar Akwanga, me kika gani?"

"Duwatsu, Baba."

"Na gaya miki ai."

Ta ci masarar, sai a lokacin ta san yunwa take ji. "Baba, me ya tashe su daga can? Yaƙi ne?"

"Yaƙi ne ya hau da su, ba shi ya sauko da su ba. Kakana ya ce ruwa ne. Rijiyar sama ba ta isa, mata suka gaji da hawa da tulu. Da aka samu zaman lafiya sai wannan gida ya sauko, wancan ya sauko. Wata tsohuwa ce ta ƙarshe, ta ce ita ba inda za ta, sai da 'ya'yanta suka ɗauko ta tana zaginsu." Ya dubi idanunta da suka kumbura, ya dubi ƙafafunta. "Ki bi ta nan, za ki samu babur a bakin kwalbati. Allah ya kai ki lafiya, 'yata."

A Kudenda ta sayi silifas na roba a bakin titi, ta wanke ƙafa da ruwan leda. Biyar saura kwata ta isa cocin. Precious da ƙawayenta huɗu na zaune a benci a barandar ofis, sun zo rakiya. "Amarya, ina kika shiga ruwa ya dake ki haka?" Precious ta ce, tana gyara mata ɗankwali. "Ku shiga ku fito, mun dafa shinkafa." Harrison na tsaye a bakin ƙofa cikin farar riga mai guga, yana ƙamshin sabulu. Ya dubi silifas ɗin ya danne dariya, ya matsa hannunta sau ɗaya suka shiga.

Mutum biyu ne a bayan tebur. Baba Jonathan, dattijon ikilisiya kuma shugaban kwamitin, da Mama Martha, shugabar zumuntar mata. Aka rufe ƙofa, aka yi addu'a. Aka tambaye su inda suka haɗu, da ko iyaye sun yarda, da inda za su zauna. Harrison na amsawa har da ban dariya, Mama Martha na murmushi.

"To, takardun gwaji," in ji Baba Jonathan.

Harrison ya miƙa tasa. Hephzibah ta sa hannu a jaka. Ba sai ta duba ba, yatsunta sun san mai laushi sun san mai ƙarfi. Ta zaro mai ƙarfin ta miƙa da hannu biyu. Harrison ya ga farinta, ya gane.

"Ziba," ya ce ƙasa-ƙasa. Ba ta dube shi ba.

Baba Jonathan ya gyara tabarau ya karanta, ya haɗa da ta Harrison ya miƙa wa Mama Martha. Hephzibah ta sunkuyar da kai tana jiran a yanke.

"AS da AS," dattijon ya ce. "Kun san ma'anarsa?"

"Mun sani, Baba," ta amsa.

"Na gode da kika kawo gaskiya, 'yata, ba kowa ke yi ba. Da shekarun baya ne, da yanzu na rufe fayil ɗin nan na ce ku tashi. Amma mun ga abin da hanin ya jawo. Wasu suka riƙa kawo mana takardun bogi, wasu suka gudu kotu suka ɗaura, suka bar coci gaba ɗaya. Sai ikilisiyarmu ta zauna ta ce mu daina hanawa. Namu mu faɗa muku gaskiya, zaɓi naku ne." Ya yi musu bayanin ciwon dalla-dalla, bai rage komai ba. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda. "An rubuta a nan cewa an yi muku bayani, kun fahimta, kun zaɓa da kanku. In ku biyu kuka sa hannu, Lahadi mai zuwa za a fara sanarwa."

Harrison ya miƙe tsaye bai sani ba, ya sake zama. "Allah mai iko! Kin gani, Ziba? Kin gani? Gaskiyar da kika faɗa ce Allah ya saka miki. Ni ne na so in ɓata, ki yafe min." Ya karɓi biro ya sa hannu da sauri har takardar ta ɗan yage. Ya turo mata da biron a kai, idanunsa cike da ƙwalla, yana dariya.

Ta ɗauki biron. Ta dubi Baba Jonathan, ya naɗe hannu yana jira. Ta dubi Mama Martha kamar mai neman a cece ta.

"'Yata," matar ta ce a hankali, "wannan babu wanda zai riƙe miki hannu. Ko kina son mako ɗaya ki je ki yi addu'a?"

"A'a, Mama. In na ɗauki mako ɗaya, zan sa."

Ta ajiye biron a kan tebur. "Baba, ku yi haƙuri. Ba zan sa hannu ba."

Harrison ya yi 'yar dariya, ya taɓa kafaɗarta. "Ba ki gane ba ne, Ziba. Sun yarda fa. Babu wanda ya hana."

"Na gane, Harri." Ta juyo ta dube shi sosai, abin da ta wuni tana gudu. "Ni ce na hana."

Dariyar ta ɗan daɗe a fuskarsa kafin ta tafi. "Ba kya so na ne?"

"Ina son ka. Wallahi ban san yadda zan yi gobe ba." Sannan ta ƙarasa. "Gaskiyarka, na iya jinya. Yaron ne ba zai iya ba."

Ya zuba wa sa hannunsa ido a kan takardar, layin da ke ƙasa da shi babu komai. Mama Martha ta cire tabarau ta goge ido da bakin zanenta. Hephzibah ta tashi ta durƙusa wa dattawan har ƙasa, ta ɗauki jakarta, ta buɗe ƙofa.

Precious na ganin ƙofa ta buɗe ta zabura ta miƙe, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Sauran matan suka kama, suna tafi suna kiran amarya. Hephzibah ta ratsa ta tsakiyarsu ta sauka daga barandar ta shiga yayyafi. Har ta kai bakin get ba su daina ba, don babu wadda ta leƙa cikin ofishin tukuna.